Wa ke da kasuwa? Tarihin mallakar kasuwar hannun jari ta Paris, daga dillalan sarki zuwa gidajen juya amana (1724-2021)

0. Gabatarwa

A Hausa idan aka ce ɗan kasuwa, ana nufin mai saye da sayarwa. Idan aka ce sarkin kasuwa, ana nufin wanda sarki ya ɗora don ya tsara rumfuna, ya raba gardama, ya karɓi abin da ake karɓa ranar cin kasuwa. Harshen ya ba mu mai rumfa, da mai shago, da mai awo, amma ba kasafai ake jin mai kasuwa ba da ma'anar wanda ya mallake ta, domin bisa al'ada kasuwa ba ta shiga rabon gado, ba a kuma kai ta ga dillali a ce ya nemo mata mai saye.

Wannan giɓi yana da sakamako ga masu fassara labarun tattalin arziki daga Faransanci. Idan labari ya ce farashin action na Euronext ya tashi, fassarar da ta dace ita ce: hannun jarin kasuwar hannun jari ya tashi. Mai sauraro zai ɗauka bakin mai karatu ne ya sarƙe, alhali kuwa maganar daidai take. Kasuwar ta zama kamfani, an yanka kamfanin hannu-hannu, ana kuma sayar da hannayen a cikin ita kasuwar da kanta. A cikin wannan aiki za mu bi diddigin yadda aka kai ga haka, mu ɗauki kasuwar Paris a matsayin misali, tun da kalmomin da ake aiki da su a yankinmu na UEMOA daga can suka fito. Tambayoyinmu uku ne: wa ya mallaki kasuwar a kowane zamani, me ya sa mallakar ta sauya hannu, kuma me sauyin ya jawo wa masu cin kasuwar.

1. Kalmomin aiki

Kalmar bourse ana danganta ta da gidan iyalan Van der Beurse na birnin Bruges, a Beljiyam ta yanzu, inda fatake ke taruwa a ƙarni na 14. Ginin farko da aka keɓe wa wannan aiki shi ne na Anvers, a shekara ta 1531. A Hausa an riga an saba da kasuwar hannun jari, mu ma ita za mu riƙe. Action shi ne hannun jari, watau kaso guda na uwar kuɗin kamfani, wanda ke ba mai shi haƙƙi biyu: rabon riba da ƙuri'a a babban taron masu jari.

Inda wahala take shi ne investisseurs institutionnels, waɗanda dillalan Paris ke yi wa laƙabi da zinzins. Yawanci ana fassara su da manyan masu zuba jari. A ganinmu wannan fassara ta kama girma, ta saki abin da ya fi muhimmanci, watau cewa kuɗin ba nasu ba ne. Asusun fansho, da kamfanin inshora, da asusun ajiyar gwamnati, da asusun haɗa jari, duk dukiyar wasu suke juyawa: ta ma'aikacin da ake cire wa wani abu daga albashi, da ta mai biyan kuɗin inshora, da ta ƴan ƙasa baki ɗaya. Don haka muna ba da shawarar gidajen juya amana. Gida kamar yadda ake cewa gidan Alhaji wane idan ana nufin harkar cinikinsa; juya domin shi ne aikatau ɗin da ƴan kasuwa ke haɗawa da kuɗi; amana domin akwai mai ita a baya. Tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. Babin ƙirali na fiƙihun Malikiyya ya san mai dukiya da mai juya ta, haka kuma dangantakar ubangida da bara da Emmanuel Grégoire ya bayyana a aikinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi. Bambancin shi ne a nan mai juyawar ya fi mai dukiyar ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba su san juna ba.

2. Zamanin dillalan sarki (1724-1988)

An kafa kasuwar Paris bisa umurnin majalisar sarki na ranar 24 ga Satumba 1724, shekara huɗu bayan rushewar tsarin John Law, wanda ya talauta dubban mutanen da suka yi cacar takardu a titin Quincampoix. Niyyar hukuma ita ce ta tattara cinikin wuri guda, cikin lokaci sananne, a hannun mutanen da ta sani. Waɗannan su ne agents de change, waɗanda za mu kira dillalan sarki, domin hukuma ke naɗa su, ita ta kuma keɓe musu ikon haɗa mai saye da mai sayarwa. An hana mata shiga wurin, hanin bai tashi ba sai a 1967.

Dokar kuɗi ta ranar 28 ga Afrilu 1816 ita ta daidaita tsarin na tsawon ƙarni guda da rabi. Faransa na neman kuɗin biyan diyyar yaƙi bayan faɗuwar Napoléon, sai ta ƙara kuɗin jingina da dillali ke ajewa, a maimakon haka ta ba shi ikon gabatar da magajinsa. Ke nan muƙamin ya zama abin sayarwa da gado. Adadin dillalan Paris ya tsaya 60, aka kai shi 70 a 1898. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan rana, domin dokar nan guda ce ta haifi Caisse des Dépôts, gidan ajiyar amana na gwamnati, wanda za mu sake gamuwa da shi a ƙarshen labarin. Daga 1826 cinikin ya koma fadar Brongniart, inda dillalai ke kewaye wani shinge mai siffar kwando, corbeille, suna kiran farashi da baki.

Wa ke da kasuwa a wannan zamani? Ba wanda ya mallake ta mallakar kamfani. Dillalan sun haɗu cikin ƙungiya, suna zaɓen shugabanninsu, suna da asusu na tarayya. Ribarsu daga la'ada take, ita ƙungiyar ba ta neman riba don kanta. Abin da ke riƙe da tsarin shi ne lamunin juna. Da bankin Union Générale ya karye a Janairu 1882, dillalai da yawa suka kasa biya, sai Bankin Faransa ya ba ƙungiyar Paris rancen faran miliyan 80, dukkan membobi suka ɗauki nauyin biya. A 1898 aka mayar da wannan lamuni doka. Amfanin tsarin shi ne kowane dillali na sa ido kan ɗan'uwansa, tun da bashin ɗaya na iya zama na kowa. Illarsa kuwa ita ce ƙofa a rufe take, la'ada ƙayyadaddiya ce, kuma duk wani sauyi sai ya samu yardar waɗanda sauyin zai rage wa abinci. Don haka ne ma kasuwar bayan fage, coulisse, ta rayu a gefen ta hukuma har zuwa farkon shekarun 1960.

3. Daga ƙungiya zuwa kamfani (1986-2001)

Abubuwa uku suka haɗu suka karya wannan tsari. Na farko na'ura: a 1986 Paris ta fara ciniki ta kwamfuta da tsarin CAC, a watan Yuli 1987 aka cire kwandon. Na biyu gasa: ranar 27 ga Oktoba 1986 Landan ta soke ƙayyadaddiyar la'ada, ta buɗe ƙofa ga bankunan waje, har wani kaso na cinikin manyan kamfanonin Faransa ya koma can. Na uku jari: ƙaramin ofishin dillali na gado ba shi da ƙarfin ɗaukar cinikin da gidajen juya amana ke kawowa, ba shi kuma da kuɗin sayen na'urori.

Dokar 22 ga Janairu 1988 ta soke muƙamin dillalin sarki. Ofisoshin suka zama kamfanoni, sociétés de bourse, bankuna suka saye yawancinsu. Tafiyar da kasuwar aka danƙa ta ga wani kamfani, Société des Bourses Françaises, wanda masu jarinsa su ne waɗannan sababbin dillalai da bankuna. A 1991 aka haɗe kasuwannin Lyon, Marseille, Bordeaux, Lille, Nancy da Nantes da ta Paris. A wannan mataki kasuwa ta zama kamfani, amma har yanzu masu cin ta su ne masu ita.

Yanke wannan igiya ta ƙarshe daga arewa ya faro. Stockholm ta raba zama memba da zama mai jari a 1993. Kasuwar Ostareliya ta ƙara taku guda ranar 14 ga Oktoba 1998, ta sa hannun jarinta a cikin jerin da take sayarwa. Hujjar masu son sauyin ita ce: a ƙungiya kowane memba ƙuri'a guda gare shi, ƙarami da babba, don haka shawara na jinkiri, a kamfani kuwa ƙuri'a na bin yawan jari, kuma ana iya sayen wata kasuwa a biya da hannun jari maimakon tsabar kuɗi. Fitowar kuɗin yuro a 1999 ta ƙara wa hujjar ƙarfi, tun da babu sauran dalilin mai jari ya tsaya ga kasuwar ƙasarsa.

Ranar 22 ga Satumba 2000 Paris da Amstadam da Buruksel suka haɗe suka zama Euronext, kamfani mai rajista a Holand, ƙarƙashin jagorancin Jean-François Théodore. A watan Yuli 2001 aka sayar da hannun jarinsa ga jama'a a kan yuro 24. A shekarar nan Deutsche Börse ta Farankfot ta yi haka a Fabrairu, Landan ma ta yi a Yuli. Da kuɗin da ya samu, Euronext ya sayi LIFFE, kasuwar cinikin alkawari ta Landan, a kan fam miliyan 555, Lizbon kuma ta shigo a 2002. Bankunan da suka gaji kasuwar daga dillalai suka ga hannayensu sun yi daraja, da yawansu suka sayar suka karɓi riba. A nan ne tarihi ya juya ba tare da an yi shela ba: waɗanda suka saya ba dillalai ba ne, gidajen juya amana ne, yawancinsu na Landan da Amurka.

4. Shekarar fara: Farankfot, 2005

Abin da wannan sauyi ke nufi a Jamus ya fara bayyana. A Disamba 2004 shugaban Deutsche Börse, Werner Seifert, ya yi tayin sayen kasuwar Landan a kan peni 530 kowane hannu, wajen fam miliyar 1,3 ke nan. Wasu gidaje biyu masu farautar riba, TCI na Christopher Hohn a Landan da Atticus na Niyok, suka ce tayin ya yi tsada, gara a mayar wa masu jari da kuɗin da kamfanin ya tara. Kason TCI bai kai kashi 10 cikin 100 ba, amma manyan gidaje masu tsohon suna suka mara masa baya. Da aka duba rajista sai aka tarar bankunan Jamus da shugabannin ke dogaro da su sun daɗe da sayarwa: a 2005 wajen kashi 90 cikin 100 na hannayen na wajen Jamus. A watan Maris aka janye tayin, ranar 9 ga Mayu Seifert ya bar kujerarsa, shugaban majalisar sa ido Rolf Breuer ma ya bi shi kafin shekara ta ƙare.

A watan Afrilu na shekarar, shugaban jam'iyyar SPD, Franz Müntefering, ya kamanta wasu masu jari da fara, wadda ke sauka a gona ta cinye ta tashi. Maganarsa ta shafi masu sayen kamfanoni gaba ɗaya, amma sunan ya liƙe wa waɗannan gidaje, har Seifert ya sa shi a kan littafin da ya fitar a 2006. Mu da muka ga farar 2004 da yunwar da ta biyo baya ba mu buƙatar a fassara mana kamancen. Sai dai a matsayinmu na masu nazarin harshe dole mu lura cewa kamancen ya gurgunta a wuri guda. Fara ba ta da haƙƙi a gona, su kuwa waɗannan da kuɗi suka saya, daga hannun waɗanda suka sayar da son ransu, kuma ƙuri'ar da suka jefa doka ce ta ba su. Wanda ya kai kasuwarsa kasuwa ba shi da ikon zaɓen mai saye.

5. Tafiyar Paris da dawowarta (2006-2014)

TCI da Atticus suna cikin manyan masu jarin Euronext ma, suna kuma matsa lamba a haɗe shi da wata kasuwa, domin haɗewa na rage kashe kuɗi, tana ɗaga farashin hannu. A 2006 masu neman aure biyu suka fito, Farankfot da Niyok. Ita Niyok ba ta daɗe da zama kamfani ba: a Maris 2006 aka soke kujerunta 1 366, kowane mai kujera ya karɓi dalar Amurka 300 000 da hannaye 80 177. Shugaba Jacques Chirac ya bayyana cewa ya fi son haɗin Faransa da Jamus, amma shugaban ƙasa ba shi da ƙuri'a a taron masu jari. A Disamba 2006 masu jarin Euronext suka amince da Niyok da gagarumin rinjaye, ranar 4 ga Afrilu 2007 aka haifi NYSE Euronext.

Auren bai yi albarkar da aka zata ba. Daga 1 ga Nuwamba 2007 dokar Turai da ake kira MiFID ta soke tilascin kai ciniki kasuwar ƙasa, sababbin dandamali irin su Chi-X suka kwashi wani kaso na cinikin. Shawara ta koma Niyok, a 2010 kuma aka kwashe na'urorin da ke haɗa saye da sayarwa zuwa Basildon, kusa da Landan. Yunƙurin haɗewa da Deutsche Börse ya ci tura ranar 1 ga Fabrairu 2012, da Hukumar Tarayyar Turai ta hana. A ƙarshen wannan shekara ICE, kamfanin Atlanta da aka kafa a 2000, ya yi tayin dalar Amurka miliyar 8,2, ya kammala sayen a Nuwamba 2013. Abin da ICE ke so shi ne LIFFE. Ya riƙe shi, ya mayar da sauran kasuwannin Turai kasuwa.

Ranar 20 ga Yuni 2014 aka sake sayar da Euronext a kan yuro 20 kowane hannu. Darajar kamfanin duka ta kama yuro miliyar 1,4, wajen miliyar 918 na kuɗin sefa. A wannan karo hukumomi da bankuna sun ɗauki darasin 2005. Kafin a buɗe sayarwa, wani rukuni ya sayi kashi 33,36 cikin 100, ya yi alkawarin ba zai sayar ba har shekara uku, aka kuma ba shi ikon gabatar da kashi ɗaya cikin uku na majalisar sa ido. A cikinsu akwai Euroclear mai kashi 8, da BNP Paribas mai kashi 5,5, da Société Générale, da asusun gwamnatin Beljiyam SFPI, da ABN AMRO, da Bpifrance, da Caisse des Dépôts. Ana kiran su actionnaires de référence. A Hausa muna iya cewa iyayen jari. Dabarar tsohuwa ce, ita ce ta noyaux durs da Édouard Balladur ya yi aiki da ita lokacin sayar da kamfanonin gwamnati a 1986 da 1987.

An sabunta yarjejeniyar a 2017, kason ya sauka zuwa kashi 23,86. Ƙarƙashin Stéphane Boujnah, wanda ya karɓi jagoranci a 2015, Euronext ya sayi kasuwar Dublin a 2018, ta Oslo a 2019, ta Milan a Afrilu 2021 a kan fiye da yuro miliyar 4. Don biyan wannan ciniki na ƙarshe aka shigo da gidajen Italiya biyu cikin iyayen jari, CDP Equity da bankin Intesa Sanpaolo. A lokacin CDP Equity da Caisse des Dépôts kowannensu ya riƙe wajen kashi 7, suka zama kan gaba. A Yuni 2022 na'urorin suka baro Basildon zuwa Bergamo a Italiya. Ke nan gidan amanar da dokar 1816 ta haifa rana guda da gadon dillalai shi ya wayi gari cikin manyan masu kasuwar, bayan shekara 205. Kuma tafiyar na'urorin daga Paris zuwa Ingila zuwa Italiya ta nuna cewa inda jari ya karkata nan aiki ke bi.

6. Gidajen amana ba iri ɗaya ba ne

Tarihin nan ya nuna mana cewa kalma guda ta rufe halittu uku. Akwai masu farauta, irin TCI, masu sayen kaso kaɗan su yi amo mai yawa, su fita idan farashi ya tashi. Akwai masu bin ma'auni, irin Vanguard, wanda ya buɗe asusun farko na wannan iri ga jama'a a 1976, da BlackRock da aka kafa a 1988: suna sayen kowane kamfani da ke cikin ma'aunin kasuwa gwargwadon nauyinsa, ba sa fita muddin yana ciki, amma ƙuri'unsu kan yanke hukunci idan rikici ya tashi. Akwai kuma masu dogon zama, asusun gwamnatoci da na fansho, waɗanda lissafinsu ba riba kaɗai ba ne. A Satumba 2007 Borse Dubai ta sayi kashi 28 na kasuwar Landan, asusun Katar ya sayi kashi 20. Dubai ta sayar da nata a 2015. A Kanada, bankuna da asusun fansho ne suka haɗu da sunan Maple, suka tare haɗewar Toronto da Landan a 2011, suka saye kasuwar a 2012.

Matsala biyu ke biyo bayan wannan mallaka. Ta farko, mai jari na son kuɗin shiga ya ƙaru, mai cin kasuwa na son la'ada da kuɗin bayanan farashi su ragu, kuma sau da yawa gida guda ne ke sanye da hulunan biyu. Ta biyu, kasuwa alƙali ce: ita ke karɓar kamfani cikin jeri, ita ke dakatar da shi. Idan alƙalin nan yana cin riba daga yawan masu shigowa, kuma shi kansa yana cikin jerin, sai a ji tsoron an ba kura ajiyar nama. Maganin da ƙasashe suka samo shi ne fitar da hukunci zuwa wata hukuma dabam, kamar AMF da Faransa ta kafa a 2003, da kuma sa iyaka ga mallaka. A Hong Kong ba a wuce kashi 5 sai da izinin hukuma. A Ostareliya ministan kuɗi Wayne Swan ya hana Singafo sayen kasuwar ƙasarsa a Afrilu 2011. Duk wannan na nuna cewa hukumomi ba su taɓa yarda har zuci cewa kasuwa haja ce kamar sauran haja ba.

7. Abin da ya shafi yankinmu

Afirka ta bi sahu. Kasuwar Johannesburg ta zama kamfani a 2005, ta shiga jerin kanta a 2006. Nairobi ta yi haka a 2014, Darussalam a 2016. A maƙwabciyarmu Najeriya, kasuwar da aka kafa a Legas a 1960 ta daina zama ƙungiyar membobi a Maris 2021, aka raba hannayen kashi 78 ga dillalai, kashi 22 ga sauran membobi, ranar 15 ga Oktoba 2021 kuma NGX Group ya shiga jerin da yake sayarwa. An keɓe aikin sa ido ga wani reshe dabam, daidai da darasin da muka ambata a sama.

Tamu kasuwar, BRVM, wadda aka kafa ranar 18 ga Disamba 1996 ta fara aiki a Abijan ranar 16 ga Satumba 1998, ba ta taɓa zama ƙungiyar dillalai ba. Tun haihuwa kamfani ce, wadda jarinta ke hannun kamfanonin dillanci, da majalisun ƴan kasuwa, da hukumomin yanki, da ƙasashe takwas, Nijar a ciki. Tana da reshe a Yamai, bankin BOA-Nijar kuma ya shiga jerinta a 2003. Idan aka auna ta da matakan da muka bi, ta fi kama da Paris ta tsakanin 1988 da 2000: kamfani ne, amma masu amfani da shi ke riƙe da shi. Duk ranar da aka kawo shawarar sayar da hannayenta ga kowa, tambayoyin da za a yi su ne waɗanda Farankfot ba ta yi ba a 2001: wa zai saya idan masu ita na farko suka sayar, akwai iyaka ga kason mutum guda, kuma asusun fansho da kamfanonin inshora na yankin suna da ƙarfin zama iyayen jari?

8. Kammalawa

Mun ga matakai huɗu a tarihin kasuwar Paris: dillalan da hukuma ta naɗa, daga 1724, kamfanin da dillalai da bankuna suka mallaka, daga 1988, kamfanin da kowa ke iya saye, daga 2001, sai kamfanin da kowa ke iya saye amma aka sa masa iyaye, daga 2014. A mataki na uku ne kasuwar ta samu jarin da ta girma da shi, a nan ne kuma ta kuɓuce daga hannun ƙasarta na shekara bakwai. Mataki na huɗu sulhu ne tsakanin ƴancin ciniki da tsohon tunanin cewa kasuwa ta jama'a ce, kuma sulhun yana da wa'adi, sai an riƙa sabunta shi.

Dangane da fassara, muna ba da shawara uku. A riƙe hannun jari da kasuwar hannun jari yadda aka saba. A ce kamfanin kasuwa idan ana nufin Euronext ko NGX Group a matsayin abin mallaka, don a raba shi da kasuwar a matsayin wurin ciniki. A kuma gwada gidajen juya amana a madadin manyan masu zuba jari, tare da rabe-rabensu uku: masu farauta, masu bin ma'auni, masu dogon zama. Muna fatan abokan aiki na sashen tattalin arziki da ma'aikatan gidajen rediyo za su gwada waɗannan kalmomi a bakin masu sauraro na Maraɗi, Damagaram da Tawa, su faɗa mana waɗanda suka zauna da waɗanda kunne ya ƙi.